Gidan dutse na Whitfield a Amurka: yaya ginin laka da ɓawon kawa ya kai yau tun 1639?

Nasiru Dala:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai wani gida a garin Guilford na jihar Connecticut, arewa maso gabashin Amurka, ana kiransa gidan Henry Whitfield. An fara gina shi a 1639, shi ne gida mafi tsufa a jihar, kuma gidan dutse mafi tsufa a duk yankin New England. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, an ce ba siminti a cikinsa, da laka da dakakken ɓawon kawa, wata halittar bakin teku, aka ɗora duwatsun. To ƙasar da ruwan sama ba ya yankewa, dusar ƙanƙara kuma ke kwana a jikin bango wata da watanni, yaya laka za ta riƙe dutse shekara kusan 400? Sannan me ya sa shi ya yi ginin dutse alhali maƙwabtansa katako suka bi? Kuma abin da ake gani a hoto yanzu, duk ginin asali ne ko an taɓa shi? Masu tarihi da magina, a taimaka da bayani mai gamsarwa.

Malam Habibu:

Wa alaikumus salam Malam Nasiru. Bari in ɗauki ɓangaren tarihi, magina su ji da bango.

Henry Whitfield limamin coci ne a ƙauyen Ockley da ke Surrey, kudancin Ingila. Yana cikin Kiristocin nan da ake kira Puritan, waɗanda suka saɓa da Cocin Ingila a zamanin Sarki Charles na Ɗaya da babban limaminsa William Laud. Da matsi ya yi yawa sai ya ajiye muƙaminsa, ya tara jama'arsa suka shiga jirgin ruwa a 1639. Tun suna kan teku, ranar 1 ga Yuni, magidanta 25 suka sa hannu a yarjejeniya cewa za su zauna wuri ɗaya, su taimaki juna, ba wanda zai watsar da ɗan'uwansa. Da suka sauka a garin New Haven da ke gaɓar teku kusa da wurin, sai a watan Satumba suka karɓi fili daga hannun Shaumpishuh, sarauniyar mutanen Menunkatuck, 'yan asalin wurin. Abin da aka biya ta bai wuce riguna da fartanyu da gatura da wuƙaƙe da tukwane da makamantansu ba, ciniki ne dai da kowa ya san wanda ya ci riba. Sunan Guilford ma sai a 1643 aka laƙaba wa garin.

Dalilin ginin dutse biyu ne. Na farko tsoro. Yaƙin da Turawan suka yi da mutanen Pequot, wata ƙabilar 'yan asalin yankin, bai daɗe da ƙarewa ba, a 1638 aka rufe shi, don haka suka tsara gidajen dutse huɗu a garin waɗanda jama'a za su iya fakewa ciki idan ta ɓaci. Na Whitfield kaɗai ya rage. Na biyu, mutumin yana da hali, ga iyali da yawa, ga shi shugaban jama'a. Babban zauren gidan ƙafa 33 ne a tsawo, 15 a faɗi, da murhu a kowane ƙarshe, kuma a nan ake taruwa ibada da shawara kafin a gina coci. Murhun arewa ya kai ƙafa 10 a faɗi. Kaurin bango ƙafa biyu, wato santimita 60. Dutsen kuwa daga wani fā aka faso shi da bai kai rabin kilomita daga wurin ginin ba, kuma labarin da aka gada a garin ya ce mutanen Menunkatuck ne suka yi dakonsa a kan makarar katako. Ana cewa hunturun farko ya riske su ba a gama ba, sai a 1640 aka ƙarasa.

Tambayarka ta biyu ita ce mai daɗi. New England ƙasa ce da dutse ya yi wa katutu, manomi ba ya noma taƙi ɗaya bai tono tulinsa ba, amma tsofaffin gidajensu kusan duk katako ne. Matsalar farar ƙasa ce, wato abin da ake samu idan an ƙona dutsen alli, wanda shi ne simintin wancan zamani. Dutsen yankin galibi giranit ne da danginsa, ba ya ƙonuwa ya ba da farar ƙasa, ga tauri wajen sassaƙa. Dutsen alli ƙalilan ne a kusa da gaɓar teku. Ga daji cike da itacen oak kyauta, ga kuma yawancin baƙin sun fito daga gabashi da kudancin Ingila inda kafinta ke gina gida, ba birkila ba. Shi ya sa gidan Fairbanks da ke Dedham a Massachusetts, wanda aka gina wajen 1641, shi ne irin ginin da aka saba gani, na Whitfield kuwa bare ne a cikinsu.

Hujjar wannan magana tana jihar Rhode Island, maƙwabciyar Connecticut. Da aka samu dutsen alli a Lime Rock kusa da Providence aka fara ƙona shi a shekarun 1660, nan da nan magina suka soma yin gidan katako mai bango ɗaya sukutum na dutse haɗe da bututun hayaƙi. Gidan Eleazer Arnold na 1693 yana nan tsaye har yanzu.

Shi Whitfield bai ma daɗe a gidan ba. Wajen 1650 ya koma Ingila, ya rasu a Winchester a 1657. Iyalinsa suka sayar wa wani attajirin Landan a 1659, gidan ya shafe fiye da shekara ɗari a hannun 'yan haya. Ka riƙe wannan, zai yi amfani idan an zo maganar lalacewa.

Baba Ɗanjuma Birkila:

Ɗana Nasiru, kuskuren yana cikin tambayar. Laka ba ta riƙe dutse, kuma ba a sa ta don ta riƙe ba. Nauyi da iya jeri su ke riƙe bangon dutse. Aikin laka shi ne ta zama shimfiɗa, ta cike gurbi don nauyin dutsen sama ya bazu a kan na ƙasa maimakon ya tsaya a kan tsini ɗaya, ta kuma hana iska shiga. Bangon da aka jera daidai, ko ka zare kwaɓin duka zai tsaya. Wanda aka jera ba daidai ba, siminti ma jinkirta faɗuwarsa kawai zai yi.

Ga yadda ake tayar da irin wannan bango. A haƙa harsashi har a tarar da ƙasa mai tauri, a kwantar da manyan duwatsu masu faɗin ciki, su ɗan fi bangon faɗi ta kowane gefe. A fara da kusurwoyi, da duwatsun da suka fi girma da kyawun baki, ana saɓa su: wannan tsawonsa ya bi bangon gabas, na samansa ya bi na kudu. Sai a ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa. Bango mai kaurin santimita 60 a gaskiya bango biyu ne, fuskar waje da fuskar ciki, tsakiyarsu ana cusa ƙananan duwatsu da laka. Cusawar nan da hannu ake yi, ɗaya bayan ɗaya, ana dannawa. Malalacin lebura shi ke juye kwanon tsakuwa ya wuce, bayan shekaru kuma tsakiyar ta zauna ta bar rami.

Ƙa'idoji uku ba a karya su. Dutse ɗaya ya hau kan biyu, biyu su hau kan ɗaya, kada gaɓa ta hau kan gaɓa, don duk inda gaɓoɓi suka yi layi a tsaye nan bango zai tsage. Tsawon dutse ya shiga cikin bango, ba ya kwanta a fuska ba. Dutsen da aka tsayar a kan gefensa don ya rufe wuri da yawa yana da kyan gani, amma shi ke fara ɓallowa. Na uku, a riƙa sa dogon dutse da ya ratsa kaurin bangon daga waje zuwa ciki, aƙalla ɗaya a kowane murabba'in mita na fuskar bango. Su ne ɗinkin da ke haɗa fuskokin biyu. A kuma kwantar da kowane dutse da ɗan gangare zuwa waje don ruwan da ya shiga gaɓa ya fito, kada ya gangara tsakiya. Ba a tayar da fiye da rabin mita ko ɗan sama da haka a yini, saboda ɗanyar laka ba ta ɗaukar nauyi, matsewa za ta yi ta fito.

Yanzu lissafi. Bango mai tsawon mita 10, tsayin mita 5, kaurin santimita 60, mita kubik 30 ke nan. Kowane kubik na irin wannan gini yana kai tan 2.2 zuwa 2.4, ka ga bango ɗaya ya doshi tan 70. A ginin da dutsensa ba sassaƙaƙƙe ba ne, kwaɓi na cin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na jikin bango, wato kubik 8 zuwa 10. Da a ce duk da farar ƙasa za a yi, awo ɗaya ga awo uku na yashi, kana bukatar kubik uku nata a bango ɗaya tak. Mutanen da suka sauka daga jirgi wata uku da suka wuce ina za su samo wannan? Shi ya sa dabarar magina a wuraren da take da tsada ita ce a ɗora dutse da laka, a adana farar ƙasar don bakin gaɓa da yaɓe.

Ɓawon kawa, wato waccan halitta ta bakin teku mai ɓawo biyu, sinadarinsa ɗaya da dutsen alli. Iri biyu ake amfani da shi. Idan an daka shi kawai an zuba a laka, matsayin yashi yake riƙewa, yana rage tsagewar laka idan ta bushe. Idan kuwa ana son farar ƙasa sai an ƙona. A wanke shi da ruwan daɗi tukuna don gishiri ya fita, in ba haka ba bango zai yi ta jan danshi har abada. A jera itace da ɓawo hawa-hawa, a cinna wuta, zafin ya kai kimanin digiri 900. Kilo 100 na tsabtataccen ɓawo yana ba da kilo 56 in ya ƙonu sarai, sauran 44 ya tafi a iska. Sai a jiƙa shi a rami. Yana tafasa da kansa, yana fallatsi, yana makantar da mutum idan ya shiga ido, don haka ƙonannen ake zubawa cikin ruwa a hankali, ana tsaye nesa. A tace, a bar shi ya kwanta makonni ƙarƙashin ruwa har ya yi laushi. Ɓarɓashin da bai jiƙu ba, in ya shiga yaɓe, daga baya zai kumbura ya ɓantare wurin.

Sauran kariyar rufi ne. Rufin gidan Whitfield tsaye yake ƙiƙam, kusan digiri 60, ruwa da ƙanƙara ba sa samun wurin zama. In hunturu ya riski gini ba a rufe ba, dole a lulluɓe kan bangon da ciyawa da katako, don ta sama ruwa ke kashe bangon laka.

Nasiru Dala:

Allah ya saka da alheri Baba, Malam Habibu na gode. Ke nan in na fahimta, bangon da Whitfield ya bari shi ne muke gani, jeri mai kyau ne ya kawo shi yau?

Injiniya Hadiza:

A'a Malam Nasiru, a nan zan ɗan ja da yadda zancen ya nufa. Duk abin da Baba ya faɗa game da jeri gaskiya ne, amma kada a ɗauka gidan ya tsaya da ƙafarsa shekara 380 ba wanda ya taɓa shi. Sau uku aka yi masa babban aiki.

Zuwa tsakiyar ƙarni na 19 gidan ya lalace ƙwarai, kuma ba abin mamaki ba ne ga gidan da ya daɗe a hannun 'yan haya mai shi yana ƙetaren teku. A 1868 masu shi na lokacin suka sake gina wani babban sashe na bangon, suka canza rufi da tsarin ciki ya dace da zamaninsu. A 1899 aka mayar da shi gidan tarihi, na farko mallakar jihar Connecticut. Daga 1902 zuwa 1904 mai zanen gini Norman Isham ya gyara shi, sai dai hankalinsa ya fi karkata ga samar da zauren baje kolin kayan tarihi, abin da ya jawo masa suka. Sai a shekarun 1930 J. Frederick Kelly ya warware yawancin wancan aiki, ya mayar da rufi mai tsayi da tagogi ƙanana masu gilashi gunduwa-gunduwa, aka gama a 1937. Siffar da kake gani a hoto ta Kelly ce, wato fahimtarsa ta yadda gidan 1639 ya kamata ya kasance. Tsohon gini na nan a jiki, musamman ta wajen babban murhun arewa, amma rufi da tagogi da yawancin katakon ciki na baya ne. A 1997 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin manyan wuraren tarihi na ƙasa. A ganina wannan bai rage masa daraja ba, amma mai nazarin gini ya san da wane zamani yake magana kafin ya nuna dutse ya ce na 1639 ne.

Abin da ke kashe irin waɗannan gidaje ruwa ne, ta hanyoyi daban-daban.

Ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari. Gaɓar da ta jiƙe da rana ta daskare da dare tana buɗewa kaɗan, gobe ta ƙara shan ruwa, ta ƙara buɗewa. A Connecticut hakan na faruwa sau da yawa a hunturu ɗaya. Ƙasa ma haka take yi: dokar gini ta jihar a yau ta ce harsashi ya nutse inci 42, sama da mita ɗaya, don ya wuce inda sanyi ke daskarar da ƙasa. Tsohon harsashin da bai kai nan ba, ƙasa na ɗaga shi da hunturu ta sauke shi da bazara, kuma ba daidai take ɗagawa ko'ina ba.

Mafi muni shi ne wankewar tsakiya. Ruwa ya shigo ta kan bango, ko ta inda bututun hayaƙi ya haɗu da rufi, ko indararo ya toshe yana kwarara a jikin gini. Lakar tsakiya ta narke ta gangara, ƙananan duwatsu su zube ƙasa su taru su zama weji, su riƙa tura fuskokin biyu waje. Daga nesa za ka ga bango ya yi ciki. In ka ƙwanƙwasa da guduma ka ji amon rami, an riga an makara da gyaran gaɓa. Sai a tokare bene da rufi, a rubuta wa kowane dutse lamba, a ɗauki hoto, a sauke sashen, a sake ɗorawa da ƙarin duwatsu masu ratsawa. In cikin bai yi yawa ba, ana iya ɗura ruwan farar ƙasa ta ƙananan ramuka daga ƙasa zuwa sama, ba fiye da mita ɗaya a tashi guda ba kuma ba da matsi ba, domin nauyin ruwan kansa yana iya fasa bangon.

Sai katako. Kawunan manyan gungumen da ke ɗauke da bene a cikin bango suke zaune, inda danshi yake, can suke ruɓewa ba a gani. Waɗannan gungume su ke ɗaure bangon gaba da na baya. Idan kawunansu suka ruɓe, ko wani mai gyara ya yanke ɗaya don ya yi matakala, nauyin rufi zai tura saman bangon waje. Maganinsa sandar ƙarfe da ke ratsa gidan da faranti a kowane gefe. Amma ƙarfen da aka binne cikin dutse ba kariya shi ma ciwo ne, tsatsa na kumbura ninki da yawa ta fasa dutse, don haka yanzu wanda ba ya tsatsa ake sawa.

Na ƙarshe, wanda masu gyara ke jawowa da hannunsu: siminti. An yi wa simintin Portland, wato irin simintin da muke gini da shi yau, rajista a Ingila a 1824, a Amurka kuwa sai shekarun 1870 aka fara yin sa, don haka duk inda ka gan shi a gidan ƙarni na 17 ka san gyara ne. Tsohon bango yana shan danshi yana fitarwa ta gaɓoɓi, yana kuma ɗan motsi ba tare da ya karye ba. Siminti ya fi tsohon kwaɓin tauri nesa ba kusa ba, ba ya lanƙwasa, sai ya yi siririyar tsaga. Ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita. Duk wanda ya ga katangar ƙasa a cikin birnin Kano da aka yi wa filastar siminti, filastar na tsaye ƙasar bayanta ta zama kunu, ya san wannan ciwo. Fentin roba da soson hana sanyi da ake fesawa ta ciki su ma haka suke tsare danshi.

Game da tsaga, kada a yi gaggawar cikewa. A sa alama, a riƙa aunawa shekara guda cur. Wadda ke buɗewa da hunturu ta rufe da zafi numfashin gini ne, a cike da kwaɓi mai laushi a bar ta. Wadda ke ƙaruwa ba ta komawa, harsashi ne ko rufi, can za a nemi dalili.

Malam Habibu:

Injiniya ta taɓo inda nake so. Bari in ƙara da cewa mai son ganin ginin dutse na farkon Amurka a matsayin al'adar jama'a, ba gida ɗaya tilo ba, ya duba kwarin kogin Hudson da Pennsylvania, inda dutsen alli da dutsen yashi suke a wadace.

A jihar New York akwai gidan Pieter Bronck na 1663 a Coxsackie. Akwai kuma New Paltz, garin da magidanta 12 'yan Furotesta masu jin Faransanci suka samu takardar filinsa a 1677. Gidajensu ɗaki ɗaya ake farawa da shi, in iyali sun ƙaru a ƙara wani a gefe, gida ya yi ta tsawo, sau da yawa kowane ɗaki da ƙofarsa ta waje. A jikin bango za ka ga layi a tsaye inda tsohuwar kusurwa take. Murhunsu irin na Holan ne, ba shi da bango dama da hagu, wuta a fili take a kan daɓen dutse, babbar rumfar hayaƙi na rataye a jikin gungumen sama. Yana cin itace, yana cika ɗaki da hayaƙi, shi ya sa daga baya kusan kowa ya rushe nasa ya yi irin na Ingilishi. Na asali yana nan a gidan Jean Hasbrouck. Kuma kada a manta, a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na gidajen nan, inda danshi ke taruwa, bayi 'yan Afirka suke girki suke kwana. Sojourner Truth, wadda ta shahara wajen yaƙi da bauta, a gundumar Ulster, inda New Paltz take, aka haife ta, kuma a irin wannan ɗaki ta kwana tana yarinya. Sai 1827 aka kawo ƙarshen bauta a jihar.

A Pennsylvania kuwa gidan Hans Herr na 1719 a gundumar Lancaster tsarin Jamusawa ne: bututun hayaƙi a tsakiyar gida, ɗakuna uku kewaye da shi, ana shiga ta kicin, kuma daga murhun kicin ake hura tandun da ke ɗumama ɗakin zama ba hayaƙi. Wannan ya fi na Whitfield hikima wajen riƙe zafi, domin bututun da ke bangon waje rabin ɗuminsa waje yake tafiya, dutse kuwa ba ya tare sanyi yadda mutane ke zato.

Batun sanin shekarun gini, ba a dogara da labarin dangi. Gidan Jean Hasbrouck an daɗe ana cewa na 1712 ne, da aka ƙirga zoben shekarun katakonsa sai ya nuna 1721. Ƙananan shaidu ma na magana. Ƙusar maƙera ita ake amfani da ita har ƙarshen ƙarni na 18, sai ƙusa mai kusurwa huɗu da inji ke yankawa ta karɓe, ƙusar waya mai zagaye kuma sai ƙarshen ƙarni na 19. Sawun zarto mai lanƙwasa a jikin katako yana nuna zarto mai juyawa, wanda bai yaɗu ba sai cikin ƙarni na 19.

Baba Ɗanjuma Birkila:

'Yata Injiniya ta yi gaskiya, na karɓa. Tunda an zo kan siminti, ga yadda ake sabunta gaɓa a irin wannan bango ba a cuce shi ba.

Kafin a taɓa gaɓa a gyara rufi da indararo, a kuma rage ƙasar da ta taru a gindin bango ta yadda ruwa zai gangara nesa. In ba a yi wannan ba aikin banza ne. Sannan ba duk bango ake ƙwaƙulewa ba, sai inda kwaɓi ya zube ko yake marmashewa a yatsa. A ƙwaƙule da kurfi da ƙaramar guduma, zurfin ya kai ninki biyu zuwa biyu da rabi na faɗin gaɓar, har a tarar da mai ƙwari. Injin yankan dutse ba ya zuwa nan, yana cinye bakin dutse ya faɗaɗa gaɓa. A share ƙura da buroshi, a yayyafa ruwa har dutse ya yi danshi amma ba ya ɗiga, don busasshen dutse na zuƙe ruwan kwaɓi ya bar shi gari.

Kwaɓin: awo ɗaya na jiƙaƙƙiyar farar ƙasa, awo biyu da rabi zuwa uku na wankakken yashi mai kaifi wanda ƙwayarsa ta haɗa manya da ƙanana. Ya yi tauri, ya tsaya a kan cokalin gini ko an kifa shi. Mai ruwa-ruwa yana tsukewa ya tsage. A fara gwadawa a murabba'in mita ɗaya a bayan gida, a bar shi ya bushe a ga launi. Gaɓa mai zurfi hawa-hawa ake cika ta, ana dannawa sosai, kowane hawa ya fara ƙwari kafin a ɗora wani. Ramin da ya yi faɗi a cusa masa ƙaramin dutse, kada a cika shi da kwaɓi zalla. Bakin gaɓa ya tsaya daidai da dutse ko ya ɗan shige ciki, kada a shafe shi a kan fuskar dutsen. Idan ya kai yadda babban yatsa ba ya lotsa shi amma farce na yi masa zane, a bubbuga da buroshi mai tauri don ya ƙara matsewa yashin ya bayyana.

Farar ƙasa ba bushewa ke ƙarfafa ta ba, iska take sha a hankali tana komawa dutse, kuma sai da ɗan danshi hakan ke yiwuwa. Don haka a rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a gaban aikin, a riƙa yayyafi aƙalla kwana uku, a kare shi daga rana da iska. Ba a yin aikin idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5, kuma a Connecticut a gama tun ƙarshen lokacin zafi, da tazarar makonni kafin ƙanƙarar farko. Wanda aka yi a makare, zuwa watan Maris za ka tarar da shi a gindin bango.